Shirun da Ya Hana Ikilima Zuwa Kaduna

Shekara goma muka yi ni da Ikilima a tebur ɗaya, gwiwata na gogar tata, don haka in na ce na san ta ba cika baki nake yi ba. Sunana Talatu. Tafireta na buga wa gwamnati a Dutse har na yi ritaya, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ina jin haushin wannan labari, shekarun da suka wuce ba su rage mini komai ba.

Ikilima 'yar Ringim ce, gidansu na bayan kasuwa. Babanta hatsi yake sayarwa, uwarta Iyatu kuma tana dafa shinkafa da wake ta sayarwa. Tun tana 'yar shekara bakwai aka sakar mata tsintar shinkafa, domin in ita ta tsince ba mai tauna tsakuwa. Yayyenta mata sai su tsince su ce sun gama, ta jawo faifan ta sake fitar da tsakuwa huɗu ko biyar. Ba ta kai ƙara wurin Iyatu. Sai ta jera tsakuwoyin a gefen tabarma, inda mai tsintar za ta gani, uwar ba za ta gani ba. Ita ta ba ni wannan labarin wata rana muna cin gyaɗa a ofis, tana yi tana dariya.

Da ta gama sakandare ta je Kano ta koyi buga tafireta. Ana cikin haka aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, aka ce Dutse ce babban birni, alhali garin bai shirya karɓar ko rabin mutanen da aka turo masa ba. Ofisoshi a gidajen haya da shaguna, fayil-fayil a kwali, mutum huɗu a tebur guda, wasu kuma kullum daga Kano suke zuwa da safe a bas su koma da yamma. A cikin wannan hargitsi Malam Sharhabilu ya samar mata aiki a ofishinmu, wanda ba zan kama sunansa ba. Malam Sharhabilu abokin yayanta ne na ƙuruciya, ya sha cin tuwon Iyatu, ya san Ikilima tun tana goye. Yaya take ce masa, a ofis da waje, shi kuma ya ce mata ƙanwata. Da za ta auri Malam Mu'az, wani malamin firamare mai sanyin hali, shi aka tura ya binciko halin mutumin.

Duk takardar da ta bi ta hannun Ikilima sai ta fito da gyara. Shugaba zai rubuta talatin da ɗaya ga watan da ke ƙarewa a talatin, ko ya ce an tura mutum tara ya lissafa takwas. Ni in na gani bugawa nake yadda aka ba ni, ai ba ni na rubuta ba. Ita kuwa sai ta jira ofis ya yi sauƙin mutane, ta je ta rusuna ta ce, "Yallaɓai, kamar ranar nan ba ta yi daidai ba, ko idona ne?" Ba a taɓa samun ranar da ya zama idonta ba. Amma haka aka tarbiyyantar da mu. Ba a yi wa babba gyara a gaban mutane, in ma a keɓe ne, a bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Kwamfuta ta shigo mana a 1998, guda biyu. Aka ba su ɗaki mai sanyi irin wanda mu ba mu taɓa samu ba, aka ɗinka musu riga, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Malam Sharhabilu ya yi kwas na mako uku, aka naɗa shi shugaban ɗakin, aka mayar da teburinmu can. Ni tsoron abin nake ji, in na danna wuri ya yi ƙara sai in ɗauke hannu. Ikilima kuwa in ta danna ya yi ƙara, sai ta sake dannawa ta ga ko zai ƙara yi.

A 2001, shekara guda bayan ƙaddamar da shari'a a jiha, aka ba ofishinmu aikin yi wa manoma da makiyaya rajista. Wani kamfani na Kaduna ya rubuta manhajar da za a riƙa shigar da sunayen, mu a lokacin furogiram muke cewa. Malam Sharhabilu ne ya zauna da su ya gaya musu abin da fom zai ƙunsa, har aka yaba masa a taro. Wanda ya kawo manhajar wani injiniya ne ɗan kudu, dogo, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin tsire ba. Ranar da ya gama ɗora ta ya tara mu ya yi mana bayani da Turanci a hankali. Ya ce ba manhajar da ake rubutawa babu kuskure, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zauna su yi ta ƙoƙarin karya ta kafin ta isa hannun jama'a. Masu gwajin manhaja ake ce musu. Ya ce kamfani na neman mutum ɗaya daga nan, wanda ya san mutanen ƙasar. Zai dawo bayan wata uku, wanda ya fi kowa gano kurakurai za a kai shi Kaduna horo na wata shida, daga nan ya zama ma'aikacin gwaji.

Na dubi Ikilima, bakinta a ɗan buɗe. Da muka fito ta riƙe mini hannu ta ce, "Talatu, kin ji? Wai sana'a ce. Ni duk zatona mugun hali ne."

Mako bai cika ba ta kama na farko. Fom ɗari biyu na Garki muka shigar, ta duba cikin kwamfuta ta ga suna ɗari da tamanin da bakwai. Ni cewa na yi ƙila mun tsallake. Ita ta bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya har ta ware goma sha ukun da suka ɓata. Kowannensu yana da wani mai irin sunansa, ranar haihuwarsu kuma ɗaya. Abin da ya faru shi ne, mutanen karkara ba sa riƙe ranar haihuwa, sai dai a ce shekarar da aka yi fari ko shekarar da kogi ya ci gonaki, saboda haka masu cike fom kowa sai su rubuta masa ɗaya ga Janairu su ƙiyasta shekara. Manhajar kuwa an gina ta a kan cewa in suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya aka maimaita, sai ta share guda. Masu suna Sani Garba kuwa a ƙasar Garki sai ka cika bas da su. Mutum ya bar gonarsa ya zo ya yi layi a rana, kwamfuta ta ce babu shi.

Daga nan idonta ya buɗe. Gurbin da ake rubuta yawan 'ya'ya ba ya ɗaukar sama da tara, mai goma sha huɗu sai ya koma mai ɗaya. Makiyayin da ke damina a Garki ya yi rani a fadamar Ringim, manhajar ta ce dole ya zaɓi gari guda. Takan sa shanu sifili ta ga abin da zai faru, ko ta bar gurbi babu komai, ko ta danna maɓallin ajiyewa sau biyu da sauri. Har jira take lokacin da aka saba ɗauke wuta ta fara shigar da suna, da haka ta gano cewa in wutar ta tafi a tsakiya ba sabon sunan ne ke ɓacewa ba, na wanda ya gabace shi ne ke gogewa. Kowanne sai ta rubuta shi a wani ɗan littafi: abin da ta danna, abin da ya kamata ya fito, da abin da ya fito. Ba wanda ya koya mata wannan tsarin.

To amma yawancin kurakuran nan daga fom ɗin da Malam Sharhabilu ya tsara suka samo asali, Ikilima kuwa ba za ta taɓa ɗaga murya ta ce Yaya ya yi kuskure ba. Sai an tashi sallar azahar, ɗaki ya yi shiru, ta kai masa littafin. Shi kuma ya kwafe, ya ba ni in buga, ya sa hannu a matsayinsa na shugaba, duk Alhamis a ba direban motar Kaduna. Haka tsarin ofis yake, takarda ba ta fita da sunan ƙaramin ma'aikaci. Da yatsuna na buga rahotannin nan, guda goma sha biyu, kurakurai arba'in da uku, babu sunanta ko a ɗaya. Na yi mata magana. Ta ce ai ta riga ta ɗan taɓo masa, ya ce mata, "Haba ƙanwata, takarda ai takarda ce. Ranar da mutumin nan ya dawo, ni da bakina zan ce ga mai aikin."

Ba ta yanke shawarar tafiyar cikin sauƙi ba. Shekararta talatin da ɗaya, 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Lokacin kuma lokaci ne da hijabinmu ya ƙara tsawo, aka raba mana benci da maza a ɗakin taro, mace takan yi tunani kafin ta hau acaɓa, balle ta bar gidan miji wata shida. Kaduna ma ba ta daɗe da fita daga rikici ba. Kullum muna cin abincin rana sai ta juya maganar. Yau ta ce aikin gwamnati ko ba komai yana da tabbas, kamfani kuwa ana iya wayar gari ya rufe. Gobe ta ce wa zai ɗauki wadda ba ta je jami'a ba a bakin komai a cikin injiniyoyi. Jibi kuma ta ce, "Amma Talatu, ki duba fa. Wuri ne da in na ce ga kuskure godiya za a yi mini, ba sai na ce ko idona ne ba." Duk inda ta zaga nan take dawowa.

Malam Mu'az ne ya warware mata. Ya je wurin malaminsa ya yi tambaya kan hukuncin tafiyar, ya dawo ya ce shi zai kai ta da kansa, ta zauna a gidan yayarsa Adda a Tudun Wada, duk ƙarshen wata ya je ya gan ta. Yara kuma Iyatu ta ce a kawo mata su Ringim. Har gida ya taka ya sami Malam Sharhabilu, ya yi masa godiya a kan yadda yake riƙe da ita, ya gaya masa duk shirin da aka yi. Ikilima ta ɗinka hijabi biyu sababbi, ta sayi ƙamus na Turanci a hannun mai tallan littattafai a bakin sakatariya, in aiki ya yi sauƙi ta buɗe shi a cinyarta.

Injiniyan ya dawo ranar wata Laraba da hantsi. Aka taru a ofishin darakta, maza a dama, mu mata biyu a hagu. Ya fito da rahotannin, ya ce a duk wuraren da suka kai manhajar ba inda aka yi aiki irin wannan. Kuskuren ɗaya ga Janairu kaɗai, in ji shi, da ya wuce da dubban mutane sun ɓace daga rajista ba wanda ya sani. Sai ya tambaya wa ya gano shi.

Malam Sharhabilu ya gyara zama ya ce, "Aikin ɗakinmu ne gaba ɗaya."

Ba laifi, haka ake farawa. Injiniyan ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Ikilima, ƙila don ya tuna yadda ta saurare shi a zuwan farko. Ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Madam, ke fa? Kin yi?"

Ikilima ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni shigar da suna kawai nake yi. Yaya ne yake nuna mana komai."

Darakta ya juya masa da Turanci, kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce ita ta cuci kanta. Amma duk wanda ke ɗakin nan, ban da baƙon, ya san rabin magana ta yi. In an yabi tuwo a gidan suna, wadda ta tuƙa cewa take ai Inna ce, Inna kuma ta ce rabu da ita, ita ta yi da hannunta. Ƙarami ya miƙa yabo sama, babba ya dawo masa da shi a gaban kowa, da haka kowa ke tashi da mutuncinsa. Ikilima ta yi nata, saura nasa.

Muka jira. Malam Sharhabilu ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Na buɗe baki, Ikilima ta taka mini ƙafa ta danna sosai, don har lokacin ta yarda zai yi magana, kuma so take ya faɗa da kansa kamar yadda ya yi alkawari. Darakta, wanda ya fi kowa sanin idonta tunda wasiƙunsa ta yi shekaru tana gyarawa, ya kama kallon kalanda. Injiniyan bai san akwai abin da ake jira ba. An ba shi amsa, ya karɓa. Ya rubuta suna a takarda, ya miƙa wa Malam Sharhabilu hannu, ya ce ranar ɗaya ga wata ake fara horo.

Ban san tsawon shirun nan ba, ƙila bai kai minti ɗaya ba. Amma na ji lokacin da ƙafarta ta saki tawa.

Ni ban iya haɗiye abu ba. Kafin azahar na sami Malam Sharhabilu a ɗakin kwamfuta, ko takalmi ban cire ba. Na ce, "Malam, abin da ka yi cin amana ne, kuma ka sani."

Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Talatu, ai kina wurin. Da bakinta ta ce ba ita ba ce. In ƙaryata ta a gaban baƙo?" Sannan ya ƙara da cewa taimakonta ma ya yi, a wannan zamani wane miji ne zai bar matarsa ta yi wata shida a Kaduna. Mutumin da mijin ya taka har gidansa ne fa yake gaya mini haka. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, suka jawo mini takardar gargaɗi. Ita ce guda ɗaya tak a fayil ɗina, ban kuwa taɓa nadamarta ba.

Na ce wa Ikilima mu ɗauki littafin mu bi injiniyan masauki kafin ya tafi, rubutun hannunta ne, ga ranaku a ciki. Ta ƙi. Ta ce in ta yi haka ta tona wa abokin yayanta asiri a gaban baƙo, maganar za ta riga ta zuwa Ringim, Iyatu za ta ji cewa 'yarta ta kunyata wanda ya samar mata aiki. Na ce to shi fa, abin da ya yi miki mene ne sunansa? Ta juya ta ci gaba da shigar da suna. A nan na ji haushinta ita ma, na kuma ji haushin kaina da na bari taka ƙafa ya rufe mini baki. Abin da ta gaya wa Malam Mu'az a gida ban sani ba. Na dai san daga ranar in ya hango Malam Sharhabilu, sallama yake yi masa daga nesa ya wuce.

Malam Sharhabilu ya yi watanninsa shida ya dawo. Kamfanin bai riƙe shi ba, bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kujerar dai ta tafi ke nan, ba a sake neman kowa daga Dutse ba. Amma ya dawo da satifiket mai tambari, aka sa masa a firem, aka ƙara masa girma, sannan darakta ya ce ya koyar da ƙananan ma'aikata yadda ake gwajin manhaja. Aka liƙa sunayen ɗalibai a allon sanarwa. Ikilima ce ta uku a jerin, ni ta huɗu.

Na ce kada mu je, ta ce umarnin ofis ne. Ta zauna a bencin mata, a gaba, da biro da takarda. Malam Sharhabilu ya fara da misalin ɗaya ga Janairu, ya ce wata rana yana zaune yana nazari sai abin ya faɗo masa. Ya bi da na mai 'ya'ya goma sha huɗu. Da ya zo kan na ɗaukewar wuta sai ya rikice, ya juya bayanin, ya ce sabon sunan ne ke ɓacewa, a sake shigar da shi kawai shi ke nan. Wanda ya bi wannan, kullum zai riƙa goge wani bawan Allah bai sani ba. Ma'aikata goma sha biyu suka kwafe yadda ya faɗa. Na ga biron Ikilima ya tsaya. Shi ma ya gani, don idonsa ya kai kanta ya dawo.

Da aka tashi kowa ya fita salla, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya takardu. Na san abin da yake jira. So yake ɗaki ya yi shiru, ta matso ta gyara masa ba wanda ya ji, gobe ya zo aji ya gyara da bakinsa. Ikilima ta tattara takardunta ta sa takalmi. Da ta zo daidai shi ya ce, "Ƙanwata, yaya kika ga darasin? Akwai abin da na manta?"

Ta ce, "Babu, Yallaɓai. Sannu da aiki."

Washegari ta rubuta takardar neman a mayar da ita ɗakin ajiyar fayil, can ƙarshen baranda, inda ko tafireta babu. Darakta ya sa hannu a ranar, bai tambaye ta dalili ba. Har na yi ritaya, a can na bar ta, tana ɗaure fayil da zare.